Tayar jif ɗinka na cin gefe ɗaya? Ga yadda za ka gano dalili kafin ka biya kuɗin alaimen

Na taɓa riƙe wata Highlander ta hannu wadda na yi wa alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi a kan na'ura, sau uku cikin wata bakwai. Duk fitowata daga shagon, sitiyari na tsaye cak, bayan mako biyu ko uku sai mota ta koma jan dama. Ranar da asiri ya tonu, na tsaya ne wurin mai faci a cire mini ƙusa daga tayar gaba ta ɓangaren direba. Da yaron ya kwance ta ya mirgino ta gabana, sai ga gefenta na ciki, wanda ido ba ya kai wa idan tana jikin mota, ya suɗe sumul har wayar ƙarfe ta leƙo a wuri biyu. Daga waje kuwa ka ce jiya aka saye ta. Da wannan tayar na ɗauki iyalina a babbar hanya kwana huɗu kafin ranar. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wani dattijon makanike ne ya nuna mini inda gizo ke saƙar. Ya ɗaga motar, ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza, muka ji ƙwas-ƙwas. Kan tayarod ne ya mutu, ƙarfen nan da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota. Wato sau uku ana ɗaure saiti a jikin ƙarfen da ke rawa, ramin farko da na faɗa sai saitin ya wargaje. Daga ranar na gane cewa alaimen shi ne aiki na ƙarshe, ba na farko ba. Iska tukuna, sai karatun taya, sai gwajin hanya, sai ƙarafunan ƙafa, sannan a hau na'ura. Wanda ya tsallake ɗaya zai biya kuɗi sau biyu, ya kuma ƙara da kuɗin taya.

Abin da za ka tanada

Ba kaya masu yawa ba ne: gejin iska naka na kanka, tsinken ashana da rula mai milimita, alli, tocila, tef ɗin awo irin na kafintoci, jek da abin tokare mota, sai takarda da biro. Ka samu fili mai shimfiɗa, daɓen siminti ya fi, da sanyin safiya kafin motar ta yi tafiya.

Mataki na 1: iska

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙinta. Akwai 'yar takarda a manne da ke faɗin girman taya da yawan iskar da kamfanin motar ya tsara. A yawancin jif lambar na tsakanin psi 30 da 36 ne, wato bar 2.1 zuwa 2.5 ga masu amfani da wannan awon. Lambar da ke jikin tayar kanta, 44 ko 51, ba ita ce ta motarka ba. Iyakar abin da tayar ke iya ɗauka ce. Masu faci da yawa idan suka ga babbar mota sai su dura mata 45 ko 50 da kyakkyawar niyya, a ganinsu mai nauyi sai iska mai yawa. Kai za ka faɗi lambar, kai kuma za ka auna da gejinka bayan an gama, domin gejin bakin titi yana shan faɗuwa da ƙura, ba kowanne ke faɗin gaskiya ba.

A auna taya tana sanyi, motar ta yi aƙalla awa 3 a tsaye. Iska na hawa da kusan psi 1 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6, shi ya sa tayar da ka cika a ranar Afrilu za ta nuna ƙasa da haka da asubar hunturu. Bayan doguwar tafiya kuma za ka tarar ta haura da 4 ko fiye. Kada ka sace wannan iskar, da ta huce za ta dawo daidai.

Rubuta abin da ka samu a kowace taya kafin ka gyara. Bambancin psi 4 ko 5 tsakanin tayoyin gaba biyu kaɗai ya isa ya sa mota jan gefe, zuwa ɓangaren da iskarsa ta yi ƙasa. Mutane da yawa sun biya kuɗin alaimen a kan wannan kawai.

Mataki na 2: karanta tayar

Nan ne ya kamata ka daɗe. Taya ba ta ɓoye komai, duk abin da ƙafar mota ta yi mata cikin watanni yana rubuce a fuskarta.

Murɗa sitiyari har ƙarshe don fuskar tayar gaba ta fito waje. Na baya kuwa sai ka durƙusa da tocila, ko ka kwance su. Ɗauki tsinken ashana ka soka cikin kwarin zanen, ka danne da farce daidai saman roba, ka zaro ka ɗora a kan rula. Yi haka a wuri uku: kwarin da ke gefen waje, na tsakiya, da na gefen ciki. Sai ka gangara da motar kaɗan ka sake a wani sashen tayar. Kowace taya za ta ba ka lamba uku, tayoyi huɗu lamba goma sha biyu. Zana mota a takarda ka rubuta kowace a mazauninta. Sabuwar tayar jif ta kwalta takan zo da zurfin milimita 8 zuwa 9, masu manyan haƙora na shiga daji sun fi haka. A cikin kwarin akwai wasu 'yan tudun roba masu tsayin milimita 1.6. Da zarar fuskar taya ta yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Ni dai ba na bari ta kai nan, musamman in damina ta kusa, don daga milimita 3 zuwa ƙasa taya ba ta iya fitar da ruwa daga ƙarƙashinta yadda ya kamata.

Bambancin da bai kai milimita 1 ba tsakanin gefe da gefe ba abin damuwa ba ne. Daga 1.5 zuwa sama, akwai magana.

Idan tsakiya ta fi cinyewa, gefuna biyu da saura, iska ce ta yi yawa, tayar ta yi tozo tana taka ƙasa da cikinta. Idan gefuna biyu ne suka cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan ko kaya suka yi yawa. Wannan na biyun ya fi haɗari, domin tayar da ba ta ƙoshi ba tana lanƙwashewa tana ɗaukar zafi, kuma zafin nan ne ke fasa taya a kan gudu. Duka biyun babu ruwan alaimen.

Cin gefe ɗaya shi ne wanda ke buƙatar hannu, ba ido kaɗai ba. Shimfiɗa tafinka a kan fuskar tayar, ka tura shi daga waje zuwa ciki, ka sake jawo shi waje. Yi a hankali, in waya ta fito za ta yanke ka. Idan ta ko'ina santsi ka ji, sai dai gefe ɗaya ya fi ɗayan ƙasa kamar gangare, to tayar a jingine take tafiya. Wannan jinginar ita ake kira kamba. Ka tuna mai gwame, wanda gwiwoyinsa ke haɗewa ƙafafu su ware: takalminsa ta ciki yake cinyewa. Haka tayar da samanta ya kwanto cikin mota take cin gefen ciki. Wadda samanta ya fita waje, kamar mai ƙafar baka, ta waje take ci.

Amma idan ta ɗaya hanyar santsi, ta ɗayar kaushi kamar kana shafa haƙoran zarto, wannan ba jingina ba ce. Tayar ba ta kallon inda motar ke tafiya, ana jan ta ne a karkace. Masu aikin suna ce wa wannan to-in idan bakunan tayoyin biyu na gaba sun matso juna, to-awut idan sun buɗe. Ga yadda ake bambancewa: in ka tura hannu ciki ka ji santsi, ka jawo waje ka ji kaushi, bakin ya haɗe fiye da kima, kuma gefen waje zai fi ci. In akasin haka ne, bakin ya buɗe, gefen ciki zai ci.

A cikin dukkan kurakuran saiti babu mai cin taya kamar wannan, kuma lissafinsa a fili yake. Ɗauki tayar Prado mai lamba 265/65R17, tsayinta kusan santimita 78 ne. Idan bakinta ya kauce daga saitin da aka tsara masa da milimita 3 kacal, abin da ido ba zai taɓa gani ba, a kowace kilomita ana goga ta a kwalta ta gefe tsawon kusan mita 4. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, an ja ta a kaikaice kusan mita 900. Kamba takan ɗauki watanni masu yawa kafin ta cinye gefe, wannan kuwa cikin 'yan makonni yana iya gama sabuwar taya. Idan su biyun suka haɗu, sai ka ga wata siririyar hanya a can ƙarshen gefen ciki ta cinye har waya, sauran tayar lafiya lau. Irin ta da na ba ku labari ke nan.

Sai kuma cin kwari da tudu. Zagaya da hannunka bisa tsawon tayar, idan ka ji tana hawa da sauka kamar an ɗiɗɗibe ta da cokali, tayar tsalle take yi a hanya maimakon ta manne. Yawanci shokoziba ne ya mutu, wani lokaci rashin balansin ne (daidaita nauyin taya a kewayenta) ko bushin (robar da ke mahaɗin ƙarafunan ƙafa) da ya yage. Irin wannan tayar tana kuka wuu-wuu-wuu, har a ɗauka boris ne, wanda taya ke juyawa a kansa. Idan kowane haƙorin zane gabansa da bayansa ba tsayi ɗaya ba ne, kamar matakala, tayar ta daɗe a mazauni ɗaya ba a juya ta ba, kuma masu manyan haƙora sun fi yin haka. Suɗewa a wuri ɗaya tak, faɗin tafin hannu, birki ne ya taɓa kulle tayar ta ja a ƙasa.

Kafin ka tashi, haska kumatun tayar ciki da waje. Kumburi kamar ƙwai yana nufin zaren ciki ya tsinke, galibi daga dukan bakin rami. Ba a facinsa, ba a lallaɓa shi, cire ta za a yi a ranar. Duba kuma lambobi huɗu da ke ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗura kan duba wannan lambar a hanya. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya a duba ta kowace shekara bayan ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma cire ta in ta cika 10 ko da zanenta na nan. A zafin ƙasarmu ban ga hikimar jiran goman ba.

Yanzu dubi takardarka gaba ɗaya. Idan tayoyin gaba biyu sun ci iri ɗaya, duka ciki ko duka waje, zargi ya fi karkata ga bakin tayoyin. Idan ɗaya ce kaɗai ta ci, nemi abin da ya lanƙwashe ko ya saki a wannan ƙafar. Abu ɗaya da ya kamata a yi wa jif uzuri: doguwa ce mai nauyi, tana kwantawa a kwana, don haka kafaɗun waje na tayoyin gaba sukan ɗan fi ci ko da komai daidai yake, musamman ga mai yawan zagaya shataletale da gudu.

Mataki na 3: gwajin hanya

Bayan ka daidaita iska, nemi miƙaƙƙiyar hanya mai kyau da ba cunkoso. A gudun kilomita 60, sassauta riƙon sitiyari ba tare da ka ɗauke hannu ba. Ana gina titi da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka, kuma tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, gangaren da direba ke bi na dama ne. Saboda haka idan mota ta zame dama a hankali bayan daƙiƙa 8 ko 10, ba laifinta ba ne. Wadda ke barin layinta cikin daƙiƙa 2 ko 3, ko take jan hagu tana hawa gangaren, ita ce mai matsala.

A rarrabe abu biyu da ake yawan haɗawa. Mota na tafiya sak amma sitiyari a karkace, wannan saitin tayarod ne bai daidaita tsakanin hagu da dama ba, ko ƙafar baya ce ke tura motar a kaikaice. Ja kuwa shi ne sai ka riƙe da ƙarfi kafin ta miƙe.

Idan tana ja, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo sai ladan mai faci: a musanya tayoyin gaba biyu, ta hagu ta koma dama. In jan ya koma ɗaya gefen ko ya ɓace, laifin taya ne, zarenta na ciki bai kwanta daidai ba, kuma babu na'urar da za ta gyara wannan. Tayoyin hannu da ake shigowa da su sun fi yin haka. In jan na nan inda yake, sai a koma kan kamba da kasta (bayanin kasta na zuwa a mataki na 5). Idan tayar mai kibiya ce a kumatu, wadda ke juyawa ta hanya ɗaya kaɗai, musanyar ta gwaji ce ta ɗan lokaci, a mayar da ita bayan an gama.

Idan sai ka taka birki take ja, birki za a duba. Wani lokaci kuma birkin ƙafa ɗaya ne ke riƙewa ko ba a taka ba. Yi tafiyar minti goma ba yawan birki, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi saura turiri shi ne.

Rawar sitiyari tsakanin gudun 90 da 110, wadda ke raguwa in ka wuce ko ka sauko, ba alaimen ba ce, balansin ne na tayoyin gaba. In a kujera kake jin ta, na baya ne. Da damina ka fara leƙa cikin wilin, busasshen taɓo da ya manne a ciki kan kawo wannan rawar, wanki kawai yake so. Rawar da ke zuwa sai an taka birki, faifan birki ne.

Mataki na 4: ɗaga ta ka girgiza

Ja birkin hannu, sa dutse ko katako a bayan tayoyin da ke ƙasa, ɗaga ƙafa ɗaya, ka tokare motar da abin tokarewa na ƙarfe. Jif na da nauyi, wata ta kai tan biyu ko ta fi. Kada ka taɓa sa kai ko hannu a ƙarƙashinta tana kan jek kaɗai, kuma bulo ba abin tokare mota ba ne, fashewa yake yi ba sallama.

Kama tayar ta hagu da dama ka girgiza gajere-gajere da sauri, wani na haska tocila a baya. Motsi ko ƙwas-ƙwas a nan tayarod ne, ko na waje da ke jikin ƙafar, ko na ciki da ke ɓoye cikin robar nan mai lanƙwasa. Ɗora yatsu a kan mahaɗin yayin da ake girgizawa, hannu na jin abin da ido bai gani ba. Sai ka kama sama da ƙasa. Motsi a nan boljoyin ne, mahaɗin nan mai kan ƙwallo da ke riƙe ƙafar, ko boris. Ka sa wani ya taka birki ka sake gwadawa: in motsin ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne.

Inda ake sa jek ya danganta da irin motar, kuma a nan ake yawan kuskure. Highlander, RAV4, CR-V da Lexus RX suna da shokoziba da sifirin a haɗe da ke riƙe saman ƙafar kai tsaye, su a jikin mota ake ɗagawa a bar ƙafar ta rataya. Prado, 4Runner da Hilux kuwa hannu biyu ne da su, sama da ƙasa, kuma ƙarfin sifirin a kan hannun ƙasa yake sauka. Idan ka bar ƙafar ta rataya, sifirin zai matse boljoyin ɗin ƙasa ya ɓoye sakinsa, ka ce lafiya yake. Sai an sa jek a ƙarƙashin hannun ƙasan kusa da taya, a zura ƙarfe a ƙarƙashin tayar a ɗaga, sannan gaskiya ke fitowa. Kada a yi sakaci da wannan. Duk wanda ke bin hanyoyinmu ya sha ganin mota a durƙushe a gefen titi, taya ɗaya ta kwanta a ƙarƙashinta. Boljoyin ne ya fice.

Haska bushin ɗin hannuwa. 'Yan tsage-tsage a saman roba tsufa ne kawai, amma wadda ta yage ta rabu da ƙarfenta ta mutu. Dubi jikin shokoziba, ɗan danshi ba komai, mai da ke gangarowa ƙura ta manne a kai ya gama. Bayan ka sauke motar, auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a ƙafafu huɗu. Bambancin da ya wuce santimita 1.5 tsakanin hagu da dama alama ce ta sifirin da ya zauna, kuma da tsayin mota ya sauya, kamba ta sauya. Motar da ke yawan ɗaukar buhuna da mutane cike, sifirin ɗin bayanta kan kwanta, tayoyin bayan su yi gwame su ci ciki.

Duk abin da ka samu a nan, shi za a fara canzawa. Idan an sa sabon bushin ko hannu, ka tsaya a kai a ɗaure notinsa na ƙarshe bayan an sauke motar nauyinta ya zauna a kan tayoyi. Wanda aka ɗaure ƙafa na rataye, robar a murɗe take kwana, ba ta daɗewa.

Mataki na 5: awon gida

Wannan ba ya maye gurbin na'ura, amma zai sa ka shiga shago da saninka. Miƙar da sitiyari, tura motar gaba mita 3 ko 4 ta tsaya da kanta. Kai da wani ku auna da tef daga wani kwarin zane na tayar hagu zuwa takwaransa na tayar dama, ta gaban tayoyin, sannan ta bayansu, a tsayi ɗaya daga ƙasa. Tsayin jif na taimakawa a nan. Ya kamata awon biyu su zo ɗaya, ko na gaba ya gaza da milimita 1 zuwa 3. In ka ga 6 ko 8, ko na gaba ya fi na baya, ka samo mai cin tayarka.

Kamba kuma, ɗaura noti a bakin zare ka sako shi daga fenda ta tsakiyar wilin, ka auna daga zaren zuwa leɓen wili na sama da na ƙasa. A wili mai inci 17, bambancin milimita 8 kusan digiri 1 ne. Abin lura shi ne hagu da dama su yi kusa da juna. Mota na ja ne zuwa ɓangaren da saman tayarsa ya fi fita waje, kuma rabin digiri na iya isa. Kasta, wato kwanciyar da sandar juyawar ƙafar ta yi zuwa baya kamar ƙahon keke, ba a auna ta a gida. Ba ta cika cin taya ba, amma ita ke dawo da sitiyari bayan kwana, kuma in ta bambanta mota na ja zuwa ɓangaren da ya gaza.

Mataki na 6: a shagon alaimen

Je da motar ba kaya, iska daidai. Mai aikin kirki zai fara girgiza ƙafafun da kansa kafin ya manna komai. In ya wuce kai tsaye ga sifana, ka tsayar da shi cikin mutunci ka ce a duba tukuna. Ka tabbata an zaɓi ainihin motarka da shekararta a kwamfuta, kuma an manna na'ura a ƙafafu huɗu. Ko da Prado ce mai ƙarfe guda da ya haɗa tayoyin baya wanda ba a saita shi, dole a auna shi, don da shi ake daidaita gaba. Highlander, RAV4 da CR-V kuwa ana saita bakin tayoyinsu na baya, kuma daga baya ake farawa.

Ka san abin da motarka ke bari a taɓa. A Prado da 'yan uwanta akwai kusoshi masu faifai a gindin hannun ƙasa da ake juyawa a saita kamba da kasta. Motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, kusoshin nan sukan ci tsatsa su manne da bushin. Mai gaggawa sai ya gyara bakin taya kawai ya ce an gama. Su Highlander da RAV4 kuwa masana'anta ba ta bar wurin saita kasta ba, kamba ma sai an sauya kusoshin gindin shokoziba. Idan lambobinsu sun kauce sosai, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, kuma maganinsa canji ne. Ban yarda a gasa hannun ƙafa ko tayarod da wuta a miƙar ba, ƙarfen da ya sha wuta ba ya komawa ƙarfinsa.

Nemi a nuna maka lambobin kafin aiki da bayansa, a takarda ko ka ɗauki hoton allon da waya. Koren da allon ke nunawa in lamba na cikin iyaka shi kaɗai bai wadatar ba. Ƙafar hagu na iya zama a wannan ƙarshen kore, ta dama a wancan ƙarshen, mota ta ci gaba da ja. A saita tayarod biyu, hagu da dama, sitiyari a kulle a tsakiya, ba a gyara ɗaya a zare sitiyari a mayar ba. Motoci masu na'urar hana zamewa suna da firikwensin da ke karanta matsayin sitiyari, wasunsu sai an sake saita shi da kwamfuta bayan aikin. Notin taya kuma a ɗaure shi da awo, a RAV4 da Highlander Nm 103 ne a awon ƙarfin ɗauri, ba a hau kan sifana da ƙafa ba.

Tayar da ta riga ta ci

Alaimen ba ya dawo da robar da ta tafi. In gefen da ya fi ci yana da sama da milimita 3, a mayar da tayar wani mazaunin ta ƙarasa rayuwarta. In ya kai 1.6 ko waya ta fito, ko da sauran fuskar sabuwa ce, ta tashi daga aiki. Kada a juya ta a kan wili don a ɓoye gefen, kada kuma a ajiye ta a matsayin safaya.

Idan biyu za ka saya, su zama iri ɗaya, a sa su a baya, don ƙafar baya ce ke hana mota juyawa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Motar da ƙafafunta huɗu ke ja kullum tana son tayoyi huɗu masu girma ɗaya da zurfin zane kusa da juna, domin bambanci mai yawa na wahalar da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma gyaranta ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba.

A juya tayoyi duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, mafi sauƙin tunawa shi ne a haɗa da juyen baƙin mai. Mai jan gaba, na gaba su koma baya a gefensu, na baya su zo gaba a giciye. Mai jan baya ko huɗu, na baya su zo gaba a gefensu, na gaba su koma baya a giciye. Masu kibiya gaba da baya kawai, ba sa tsallaka gefe.

Ranar da aka gama aikin, sake soka tsinken ashana a wurare goma sha biyun nan, ka rubuta lambobin tare da kilomitar da ke kan allo, ka ajiye takardar a aljihun mota. Bayan kilomita 1,500 ka shafa fuskar tayoyin gaba da tafin hannu, bayan 5,000 ka sake awo. In kaushin zarton ya dawo, ko gefe ɗaya ya sake gaza ɗayan, akwai sauran abin da ke rawa a ƙafar, sai a koma mataki na huɗu.